Injin Masana'anta da Albashin Yaran Kwamfuta: Lissafin da Ke Gaban Jos

 

An ce in yi magana a kan abu biyu: yadda masana'antunmu suke sabunta aikinsu, da yadda albashi yake tafiya a harkar kwamfuta da intanet. Abin da na zo in nuna muku shi ne igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Masana'anta ba ta iya fito da sabon abu sai tana da mutumin da ya san injinta ciki da waje, kuma ya daɗe a wurin. Irin wannan mutum kuwa, yau farashinsa ba a Jos ake yanka shi ba, ba ma a Legas ba. Da dala ake yanka shi, alhali masana'antar naira take samu.

Garin nan kuza ce ta haife shi, don haka daga nan zan ɗauko. Tun kafin Turawa su zo, akwai masu narka kuza a Ririwai da Liruwen Dalma. Suna haƙo ta, su wanke, su narka, su zuba ta siraran sanduna, fatake su kai kasuwannin Kano da gaba. Waɗannan sandunan ne jami'an kamfanin Niger Company suka gani, suka bi sawu daga 1902 har suka iso tsaunukan nan. Kafin 1914 ta ƙare ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru, a 1927 kuma babbar hanyar jirgi ta iso ta Kafanchan, aka sami hanya zuwa Fatakwal. A 1929 aka kafa NESCO don samar da wutar lantarki daga ruwan Kurra, saboda injinan haƙa. Ku lura da wannan: Filato ta sami wutar ruwa tun yawancin manyan biranen ƙasar nan suna kwana da fitilar kananzir.

Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai ta juyo kanmu. Aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa da tilas, da yawa sanyin Filato da yunwa suka kashe su. A 1943 abin da aka fitar ya haura tan 17,000. To, a ina aka narka ta? A Ingila. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa matatar Makeri a nan gida. Kimanin shekara hamsin ke nan ana kwasar ɗanyar ƙasa, mutanenmu na ɗaukar kwano a ka, ilimin duwatsu da na narkawa da na ciniki yana hannun wasu. Masu tukunyar narkawa na gargajiya kuma sana'arsu ta mutu a tsakani. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, abin da ya rage mana kowa ya san shi: kududdufai daga Rayfield zuwa Barikin Ladi.

Amma akwai abu ɗaya mai daraja da kuza ta bari, wanda ba a cika faɗa ba. Ta bar mutane. Masu gyaran inji, masu haɗa wuta, masu walda, masu juya ƙarfe, direbobin manyan injinan haƙa. Su ne suka koyar da waɗanda suka koyar da iyayen gidanku na Dilimi da Bukuru da nan Gada Biyu. A kan wannan jarin na hannu masana'antun Jos suka tsaya.

Mu ɗauki biyu daga cikinsu mu auna.

A 1963 Ahmed Idris Nasreddin ya kafa NASCO a garin nan, ya fara da saƙa buhun algarara, domin lokacin gyaɗa da auduga da koko ne ke ciyar da ƙasar, kuma duk a buhu suke fita. Gyaɗa ta ja baya, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, buhun leda ya shigo. Da kamfanin ya tsaya a kan buhu, da yanzu sai dai a ba da labarinsa. Sai ya shiga biskit, ya shiga garin sabulu, ya shiga kwali da ledar ƙunshe kaya, ya shiga sarrafa masarar manomanmu zuwa abincin karin kumallo. Kowane mataki a cikin waɗannan sabon inji ne, sabon awo, sabon zafi, sabon mutum da za a koyar. Shekara sittin da ɗoriya, yana nan.

Ga kuma kamfanin mulmula ƙarafa na Jos, wanda gwamnatin tarayya ta gina a farkon shekarun 1980 tare da na Katsina da na Oshogbo, kowanne da ƙarfin tan 210,000 a shekara. Injina ne na zamani, an tura ma'aikata horo. Amma an tsara shi ne ya jira ɗanyen ƙarfe daga masana'antar ƙarfe ta Aladja kusa da Warri, ɗaruruwan kilomita a kan titi. Ranar da Aladja ta tsaya, Jos ta tsaya. Ba a ba masu gudanar da shi ikon su sauya hanya ba, ba a kuma tanadar musu kuɗin yin hakan ba. Daga baya aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. Injiniyoyin da aka kashe wa kuɗi suka watse, wasu sun koma koyarwa, wasu kasuwa, wasu ƙasar waje.

Bambancin waɗannan biyu ba girman inji ba ne, don na gwamnatin ya fi girma. Ɗaya yana da damar gwada sabon abu da mutanen da za su gwada, ɗayan ba shi da ita.

Idan aka ce ƙirƙira, hankalin mutane yakan tafi ga farar riga da ɗakin gwaje-gwaje. A masana'anta irin tamu abin ya fi haka kusa da ƙasa. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta kuma hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masu yin biskit da lemon malt sun yi kuka. Daga baya dole ta sa suka koyi sarrafa dawa, har yau kuma dawar Arewa tana cikin kwalaben da kuke sha. Wannan ƙirƙira ce. Mutumin da ya gano cewa in aka rage zafin tanda kaɗan aka ƙara minti ɗaya, biskit ɗin da ke ƙonewa zai ragu, shi ma ya ƙirƙira. Kamfanin Toyota na Japan a kan irin waɗannan ƙananan gyare-gyare na ma'aikatansa ya yi suna. Abin da Najeriya ke kashewa a bincike bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara ba, Koriya ta Kudu kuwa ta haura kashi 4. Tun da ba mu da wancan kuɗin, abin da muke da shi shi ne kan ma'aikacin da ke tsaye gaban inji. Shi ya sa maganar albashinsa ta zama babbar magana.

Yanzu ga lissafin. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne. A 2019 ya koma 30,000. A watan Yuli na 2024 ya koma 70,000. A ido ƙari ne. Amma 30,000 ta 2019, lokacin dala tana wajen naira 360, ta haura dala 80. Ita kuwa 70,000 ta 2024, da dala ta wuce naira 1,500, ba ta kai dala 50 ba. A tsakani an cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, an saki naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mai ɗaukar albashin naira, ko lebura ne ko injiniya, an ƙara masa takarda an rage masa abinci.

Mu ƙaddara wani yaro a Tudun Wada ko Rikkos, ya iya rubuta manhaja, wani kamfani a Amurka ko Jamus yana biyansa dala dubu a wata yana aiki daga ɗakinsa. A farkon 2023, a kasuwar canji ta bayan fage, kuɗinsa wajen naira 750,000 ne. Bayan shekara ɗaya sun haura miliyan ɗaya da rabi. Bai ƙara aiki ba, bai nemi ƙari ba. Abokinsa da suka gama jami'a tare, wanda yake kula da na'urorin sarrafa inji a wata masana'anta a hanyar Bukuru, albashinsa yana nan inda yake ko ya ɗan motsa. Shi kuma mai masana'antar, ba mugunta ce ta hana shi ƙari ba. A watan Afrilu na 2024 kuɗin wuta na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane yunit. Man janareta ya yi tsada, kayan gyara da dala ake saye, ruwan bashin banki ya kusa kashi 30, mai saye kuma aljihunsa ya bushe. Manyan kamfanoni irin su GSK da Procter & Gamble ma a 2023 suka sanar da naɗe tabarmarsu ko rage aikinsu a ƙasar nan. Ta ina mai yin abincin kaji a Jos zai yi gasa da mai biyan dala?

Sakamakon a bayyane yake. Abokin nan zai fara koyon manhaja da dare. In ya iya, zai tafi, ko da jikinsa yana Jos. Ranar da allon sarrafa inji ya lalace, masana'antar za ta tsaya kwana da kwanaki tana jiran wani daga Legas, ko a ɗauko shi daga Indiya ko Sin da kuɗin jirgi da na masauki. Kuɗin da aka ƙi ba wa ɗan gida a shekara, sai a ba baƙo a mako guda. Baƙon kuma zai gyara ya tafi da iliminsa.

Ba na so matasan da ke nan su ji kamar ina zarginsu. Wanda ya sami aikin dala da guminsa, Allah ya sa albarka, kuɗin nan yana ciyar da gidaje, yana biyan kuɗin makarantar ƙanne. Kuma abin alfahari ne cewa tun tsakiyar shekarun 2010 cibiyar nHub ta buɗe a garin nan tana koyar da matasa rubuta manhaja, lokacin da mutane da yawa suke ganin wannan harka ta Legas ce kaɗai. Amma wajibi ne in faɗa muku sauran gaskiyar, domin ana yawan nuna muku saman tsani a ɓoye muku ƙasansa.

Albashin harkar kwamfuta ya rabu gida biyu, kuma ratar tana ƙara faɗi. A sama akwai ƙwararru 'yan kaɗan, masu shekaru a aiki, waɗanda duniya ke rububinsu. A ƙasa akwai taron masu farawa. Andela, wadda aka kafa a Legas a 2014 don ta horar da masu farawa ta haɗa su da kamfanonin waje, a watan Satumba na 2019 ta sallami sama da 400 daga cikinsu a Najeriya da Kenya da Yuganda, ta ce kasuwa ƙwararru take nema. A 2022 da 2023 manyan kamfanonin Amurka suka sallami dubun dubatar ma'aikata. Daga watan Nuwamba na 2022 da ChatGPT ya fito, ƙananan ayyukan da ake ba mai farawa ya koyi hannu da su, na'ura ta fara yin kaso mai yawa a cikinsu. A daidai wannan lokacin ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku. Niyya ce mai kyau. Tambayar da nake yi kullum ita ce, wa zai ɗauke su?

Akwai kuma wani aikin da ke ƙasan tsanin baki ɗaya, na tantance hotuna da rubutu don koyar da na'ura. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da ake biya ƙasa da dala biyu a awa a kan irin wannan aiki. Idan na ga haka sai in tuna kakanninmu da kwano a ka. Ɗanyen kaya yana fita, a narka shi a wani wuri, riba ta tsaya can. Da ƙasa ce, yanzu lokaci ne da ƙwaƙwalwa.

Ke nan a gefe guda ga masana'antu da ke buƙatar mai ilimin kwamfuta amma sun kasa riƙe ƙwararre. A ɗaya gefen ga ɗaruruwan matasa masu ilimin da kasuwar waje ba ta ɗauka ba tukuna. Suna gari ɗaya, wani lokaci unguwa ɗaya, ba su san juna ba. Nan ne nake ganin aikinmu yake.

Aikin da za su yi wa juna kuwa yana da yawa. Jos gari ne na kaji da ƙwai, sanyinta ya dace da su, ga Grand Cereals a Zawan mai yin Vital Feed, ga ƙananan masu niƙa da haɗa abinci birjik. Haɗa abincin kaji lissafi ne zalla: masara nawa, waken suya nawa, dusa nawa, ƙashi nawa, yadda kaza za ta sami abin da jikinta ke so a kan mafi arha. Duk ranar da farashin masara ya motsa a Katako ko Mangu, amsar ta sauya. Manyan kamfanoni da manhaja suke yin wannan. Ƙaramin mai niƙa da takardar da ubangidansa ya ba shi shekaru goma da suka wuce yake aiki. Ɗalibin lissafi na Jami'ar Jos zai iya gina masa wannan a waya, kuma ragin naira ɗari biyu a kowane buhu, a buhu dubu, kuɗi ne da za a gani a ƙarshen wata. Haka maganar danshin masara, wanda in ya yi yawa a rumbu yake haifar da gubar da ke kashe kaji, take cutar da mutane. Haka ɗakunan ajiyar dankalin Bokkos da Mangu, da tumatir ɗin da ke ruɓewa a Farin Gada: na'urar auna zafi da danshi mai aika saƙo a waya ba ta fi ƙarfin yaranmu ba.

Sai acca. Iyayenmu mata da ke nan sun san wahalar surfenta da cire mata yashi, wahalar da ta sa da yawa suka rage noma ta. Wani malamin makarantar koyon sana'a a Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin surfa acca a farkon shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 1996. Malamin makaranta ne, ba babban kamfani ba. Filato tana cikin manyan wuraren noman acca a duniya, Turai da Amurka sun fara nemanta. Maƙeranmu suna yin injin niƙa da na casa masu ƙarko. Abin da yakan rage musu shi ne zane a rubuce da awo daidai, yadda inji na goma zai fito kamar na farko, kuma kayan gyaran wannan su shiga wancan. Yaron da ya iya zane a kwamfuta, in ya zauna wata uku a gareji yana sauraron mai walda, zai cike wannan giɓin.

To, da me za a biya shi? Shawarata ga masu ƙananan masana'antu ita ce ku daina tunanin ɗaukar mutum ɗaya ga kamfani ɗaya. Ku biyar ko shida ku haɗu ku ɗauki mutum guda, kamar yadda kuke kai aiki wurin mai injin juya ƙarfe ɗaya. Albashin da ya fi ƙarfin ɗayanku ba zai fi ƙarfin ku shida ba. Sannan ku rubuta yarjejeniya: in gyaransa ya rage muku kashe kuɗi, yana da kaso a ciki na shekara ɗaya ko biyu. Ba za ku kai dala ba, amma mutum yana zama inda ya ga ƙoƙarinsa yana ƙara masa, kuma ana jin maganarsa. Ga manyan masana'antu kuma, abin da ya fi korar ma'aikaci shi ne ya ga ba shi da gaba. Mai takardar kwalejin fasaha ya shekara goma sha biyar gaban inji, ya fi kowa saninsa, amma matsayinsa ya tsaya saboda takardarsa ba ta jami'a ba ce. Henry Ford a 1914 ya ninka ladan ma'aikatansa zuwa dala biyar a rana, babban dalilinsa kuwa shi ne ya gaji da koyar da mutane suna tafiya. Ya lissafa ya ga tafiyarsu ta fi ƙarin tsada. Ina roƙon kowane manaja da ke nan ya yi wannan lissafin a kan takarda, ya haɗa da kwanakin da inji ya tsaya.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, tun da a Gada Biyu muke. Daga 2001 zuwa yau garin nan ya rabu, kuma unguwar nan ta ga jini a jajibirin Kirsimeti na 2010. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kiyaye gaba. Asarar da ba a lissafawa ita ce ta koyon sana'a. Da, yaro yakan tsallaka unguwa ya je wurin gwanin da ya fi iyawa, ba a tambayar sunansa. Yanzu da yawa sai wurin wanda ya fi kusa. Ilimin hannu a ido yake yaɗuwa, sai an tsaya kusa da mai yi. Duk ƙungiyar masu sana'a da ta ɗauki almajiri daga ɗaya ɓangaren, ta yi wa masana'antun garin nan aikin da gwamnati ba za ta iya ba.

Kuma ba mu rasa hukumomi ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, tana yin rigakafi. Cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a Jos take. Hedkwatar ITF, wato hukumar asusun horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971, tana nan kan hanyar Miango, ba ta kai tafiyar rabin awa daga inda muke zaune ba. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan ITF kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin albashinsu, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa har rabi. Duk mai biya da bai taɓa nema ba, ya je ya tambaya. ITF ɗin ce kuma ke kula da shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai wuraren aiki na wasu watanni. Da yawansu a ofis suke ƙarewa, suna ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur. Ina kira ga shugabannin maƙera, da na masu niƙa, da na masu kiwon kaji, ku rubuta matsala uku-uku da ke ci muku kuɗi, da sunanta da kiyasin asarar da take jawowa, ku kai wa masu tura ɗalibai a Jami'ar Jos da kwalejin fasaha ta Barikin Ladi kafin zangon turawa na gaba. A turo muku yaro da matsalarsa a hannu, ku ba shi kuɗin mota da na abinci, malaminsa ya zo gareji ya ga abin da ya yi kafin ya ba shi maki.